Rana da ƙarfe: tarihin ƙidayar lokaci a Damagaram

1. Gabatarwa

Sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da ta watan Oktoba, Faransa kan sauya agogonta da awa ɗaya. Nijar ba ta yin haka: agogonmu yana gaban na Girinwic da awa ɗaya, rani da damina. A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba dalilin haka, mu kuma nuna cewa sauyin agogon da Damagaram ta gani ya fi na Turai zurfi, domin an raba lokacin hukuma da tafiyar rana.

2. Lokaci a zamanin sarauta

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma rasu a 1884, rana ce ma'aunin lokaci. Ana raba yini kamar haka: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Malamai kan auna inuwa da ƙafa, bisa ƙa'idar Malikiyya: azahar na shiga idan inuwa ta fara ƙaruwa bayan tsakar rana, la'asar kuwa idan ta kai tsawon mai ita, ban da inuwar tsakar rana. Fatake masu tashi daga Zango zuwa Kano ko Agadas suna duban Gamzaki. Ke nan kowane gari da tsakar ranarsa, kuma babu wanda wannan ya dama, tun da raƙumi ba ya tsere wa rana.

3. Zuwan ƙarfe

Faransawa sun shiga Damagaram a watan Yuli na 1899, bayan yaƙin Tirmini. Bariki da wayar tangaraho da aikin tilas duk suna bukatar lokacin da ake ƙirgawa. Harshe ya adana shaidar wannan: muna cewa "ƙarfe bakwai" saboda ƙarfen da ake bugawa don sanar da sa'a, kalmar "agogo" kuma daga Yarabanci ta zo, inda take nufin ƙararrawa.

A 1911 aka mayar da Damagaram babban birnin yankin soja na Nijar. A wannan shekara ce kuma Faransa ta bar lokacin Paris, ta ja agogonta baya da minti 9 da daƙiƙa 21 don ya dace da na Girinwic. Nijeriya, wadda kasuwancinmu ke ɗaure da ita, ta ɗauki awa ɗaya gaban Girinwic a 1919. A 1926 aka ƙaurar da babban birni zuwa Yamai, umarnin gwamna ya koma fitowa daga garin da rana ke isa a makare.

4. Me ya sa ba mu sauya agogo?

Jamus ce ta fara tura agogo gaba a faɗin ƙasa a watan Afrilu na 1916, don tsimin kwal a lokacin yaƙi, Faransa ta bi sahu a wannan shekara. Ta bar tsarin a 1945, ta komo gare shi a 1976 bayan tsadar man fetur ta 1973. Hujjar ita ce a Paris yini na kai awa 16 a Yuni, ya sauko zuwa kamar awa 8 a Disamba, saboda haka akwai hasken safiya da ake barci a cikinsa.

A Damagaram, wadda ke kusa da digiri 14 arewa, yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura awa 11. Babu wani haske da za a ceto. Abin da ke tsara aikinmu zafi ne: manomi kan yi sammako ya dawo kafin rana ta take, ba tare da an taɓa agogo ba. Abin da ke iso mu daga sauyin Turai kaɗan ne: daga Oktoba zuwa Maris agogonmu ɗaya da na Paris, sauran watanni kuwa suna gabanmu da awa ɗaya.

5. Agogo ɗaya, rana biyu

Matsalarmu ta gabas da yamma ce. Rana kan ci digiri ɗaya cikin minti 4. Damagaram tana wajen digiri 9 gabas, Yamai wajen digiri 2, alhali agogon ƙasa an ɗora shi a kan digiri 15. Saboda haka agogo na gaban rana da kamar minti 24 a Damagaram, da kamar minti 52 a Yamai. Za mu iya cewa Yamai tana zaune dindindin cikin irin lokacin bazarar Turawa.

Wannan tazara ta kusan minti 28 ba ƙaramin abu ba ce a watan azumi. Mutumin Damagaram da ya bi jadawalin Yamai zai ci sahur bayan alfijir ya keto a garinsa, mutumin Yamai da ya bi na Damagaram zai sha ruwa rana ba ta faɗi ba. Shi ya sa kowane gari ke bukatar jadawalinsa, ladan kuma bai rasa matsayinsa ba.

6. Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfe ya mallaki biro da lakol da tashar mota, amma bai kori rana daga masallaci da gona ba. Har yau ana ɗaura alkawari a Birni da "bayan la'asar". Duk mai tsara lokutan aiki ko jadawalin salla na ƙasa baki ɗaya, wajibi ne ya lissafa da wannan rabin awa da ke tsakanin gabas da yamma.