Itacen da ke juyawa, da abin da ke riƙe da shi

A kabarin Petosiris da ke Masar, wanda aka gina wajen shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai zanen mutum biyu suna sassaƙa. Ɗaya yana jan igiya itace na juyawa, ɗayan ya kafa masa kaifi. Tsini biyu ne kawai suka tokare itacen, kuma sun isa, domin gudunsa bai wuce ƙarfin hannun mai jan igiya ba.

Turawa sun sallami mai jan igiyar, suka ɗaure ta a jikin doguwar sanda mai lanƙwasa, masassaƙi na takawa da ƙafa kamar mai keken ɗinki. A dazukan da ke kewaye da High Wycombe a Ingila, haka aka riƙa fitar da ƙafafun kujeru daga ɗanyen itace har cikin ƙarni na 20. George Lailey, wanda ya rasu a 1958, da irin wannan na'ura ya yi ta fitar da akussa a Bucklebury. Yakan buga wani gungume mai ƙusoshi a cikin itacen, igiya ta naɗe gungumen. Idan kaifi ya cije, ƙafa ta tsaya, komai ya tsaya cak. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mukan sha wahala kafin mu gina abin da zai tsaya da kansa haka idan ya samu matsala.

Injin lantarki ba ya jin cizo. Kuma lissafin ba shi da tausayi: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke neman fizge itacen ya ninka huɗu. Daga nan riƙo ya zama rabin sana'ar. Aka koma ɗaure itace da sukurori a jikin faifan ƙarfe, sannan a 1988 kamfanin Teknatool na New Zealand ya fito da Nova, matsewa mai haƙora huɗu da ke damƙar itace ta saita shi a tsakiya.

Duk da haka, abin da ake fara koya wa sabon shiga a yau tsohon tsinin nan ne na Masar: a tokare itacen ta ɗaya ƙarshen muddin da hali. Sai ya juya shi da hannu ya ga bai taɓa komai ba, ya cire makullin matsewar, ya sa gudu mafi ƙanƙanta, ya kauce gefe kafin ya kunna.