Ɗaure kan silindar tsohon babur: ƙa'idojinsa da kurakuran da ke kashe inji

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, daga Bichi da Bagwai zuwa Dambatta, Makoɗa da Kunchi, har yanzu tsofaffin babura ne ke ɗaukar taki zuwa gona, su kwaso tumatir da albasa daga fadamun Watari da Tomas, su kai mara lafiya asibiti cikin dare. Tun bayan da Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, nauyin aikin babur ya fi komawa karkara. 'Yan kasuwa da ma'aikata da yawa a birni suna da irin wannan babur a gida wajen mahaifi ko ƙane, kuma su ake kira idan ya lalace. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren da ke yawan cin kuɗinsu sau biyu shi ne ɗaure kan silinda.

Mene ne kan silinda?

Kan silinda, wanda kanikawa ke kira tof silinda, shi ne murfin da ke rufe saman ramin da fistin ke kai-kawo a ciki. A nan fulogi yake, a nan kuma fetur da iska suke kamawa da wuta. Tsakaninsa da silinda akwai gasket, wani siririn faifai da ke hana iska mai zafi da baƙin mai tsiyaya. Notuna ne, galibi huɗu a ƙananan babura, suke matse su wuri guda a kan dogayen ƙusoshi masu zare da suka taso daga jikin inji.

Idan an juya noti, ƙusar takan ɗan miƙe kamar roba, kuma wannan miƙewar ce ke danne gasket. In miƙewar ta yi kaɗan, iska ta sami hanya. In ta yi yawa, ƙusa ta tsinke ko zaren ya kwaɓe. Saboda haka abin da ake nema shi ne matsi mai awo, wanda ya zo daidai a kowace kusurwa.

Yawancin kawunan silinda na alminiyom ne, ƙusoshin kuwa na ƙarfe. Idan zafi ya kama su, alminiyom yakan buɗe kusan ninki biyu na ƙarfe. Shi ya sa ba a kwance ko ɗaure kan silinda sai inji ya huce sarai, zai fi kyau ya kwana.

Ire-iren injinan da ake samu

Tsofaffin baburan yankin sun kasu gida biyu. Akwai masu haɗa fetur da baƙin mai, irin su Suzuki 100 da Yamaha 100, waɗanda kansu ba shi da bawul, don haka aikinsu ya fi sauƙi. Akwai kuma masu bawul, irin su Honda CG125 da kamfanin ya fara fitarwa a 1975 musamman domin ƙasashen da hanyoyi ba su da kyau kuma ba a cika kai babur sabis a kan kari ba. Honda ya kafa kamfaninsa na Najeriya a 1979, da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, kuma baburan Sin da yawa da suka cika kasuwa daga baya sun kwaikwayi fasalin injinansa. A waɗannan masu bawul, duk taɓa kan silinda yana shafar tazarar bawul.

Alamomin cewa ɗaurin ya saki

Mai babur zai ji wani ƙaramin feshin iska daga gefen inji, musamman da sanyin safiya ko a hawan tudu. Zai ga baƙin tabo ko danshin mai a mahaɗar kai da silinda. Kik zai yi laushi, babur ya riƙa wahalar tashi, ƙarfinsa ya ragu idan an ɗora kaya. Idan aka ci gaba da aiki da shi a haka, wutar da ke tsiyaya takan ƙone gasket, ta ci fuskar alminiyom ɗin, ƙaramin gyara ya koma sayen sabon kai.

Yadda ake ɗaurin

Da farko a goge fuskokin biyu tas, ba tare da an karce su da wuƙa ko sukudireba ba. Aikin ya fi kyau a inuwa, nesa da iska, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana gasket zama, kuma ƙurar hunturu ba ta da wuyar shiga buɗaɗɗen inji.

Sai a duba ko kan ya lanƙwashe, ta hanyar ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko haske na ratsawa. Idan lanƙwasar kaɗan ce, akan shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a riƙa gurza kan a hankali har fuskar ta daidaita.

A sa sabon gasket. Wanda aka riga aka matse ba ya komawa yadda yake. Na zallar tagulla ne kaɗai akan gasa har ya yi ja, ya huce, ya sake yin laushi. A mayar da kowace washa inda take, domin a wasu ƙananan injinan Honda akwai washar tagulla a kan ƙusar da mai ke bi ya hau sama.

Notunan a fara juya su da yatsu har su zauna. Wanda ya cije tun bai kai ƙasa ba, zarensa na da datti ko ya lalace, kuma sifana ba za ta gyara shi ba. Daga nan a ɗaure su a gicciye: na gaba ta dama, sai na baya ta hagu, sai na gaba ta hagu, sai na baya ta dama. A yi haka zagaye uku, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Wanda ya gama da noti ɗaya kafin ya taɓa sauran ya karkatar da kan tun daga farko.

Awon matsi

Ana auna ƙarfin ɗauri da Nm. A ƙananan babura, notin da ke kan ƙusa mai kaurin milimita 6 yakan buƙaci kimanin 10 zuwa 12, mai milimita 8 kuwa tsakanin 20 da 30, amma littafin kowane babur shi ke da magana ta ƙarshe. Akwai sifana ta musamman da ke nuna awon, ko ta yi ƙas idan an kai.

Inda babu ita, sikelin rataye irin na 'yan kasuwa zai wadatar. Idan aka maƙala shi a jikin sifana, santimita 25 daga tsakiyar noti, aka ja shi a gicciye da sifanar har ya nuna kilo 10, an sami kimanin Nm 25. Wannan lissafin ya nuna haɗarin zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi: tsawo ya ninka, matsi ya ninka, alhali hannun bakanike bai ji wani bambanci ba.

Haka kuma mafi yawan ƙarfin da ake sawa yana tafiya ne wajen gogayyar zare da ta ƙasan noti. Zaren da aka shafa wa mai yakan matse fiye da busasshe a awo guda, don haka a bi abin da littafi ya ce game da shafa mai.

Bayan an gama

A inji mai bawul, dole a sake saita tazarar bawul bayan ɗauri, inji na sanye. A CG125 tazarar milimita 0.08 ce. Idan ta matse, bawul ba zai rufe sosai ba, kuma zai ƙone. Sabon gasket kuma yakan ɗan lotsa bayan inji ya yi zafi ya huce sau da yawa, saboda haka a tsofaffin injina akan koma a duba notunan bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, a sake duba bawul.

Idan zaren da ke jikin inji ya riga ya kwaɓe, masu injin yankan ƙarfe a birni suna iya dasa sabo, wanda ya fi sayen wani jikin inji a Ƙofar Ruwa sauƙi. Cusa noti mai girma da ƙarfin tsiya kan tsaga alminiyom ɗin gaba ɗaya.

Mai biyan kuɗin gyara daga nesa yana iya yi wa bakanike tambayoyi huɗu ta waya: inji ya huce kafin a taɓa shi, gasket ɗin sabo ne, da me aka auna ɗaurin, kuma yaushe za a dawo da babur a sake dubawa. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai rasa amsar ko ɗaya ba.