Asalin Rubutun Alarammomi

Wanda duk ya ajiye Alƙur'ani rubutun hannun alaramman Kano ko na Maiduguri kusa da bugun Madina, zai ga hannun ba ɗaya ba ne. Namu baƙaƙensa masu kauri ne, zaune daram, harafin fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuwa da ɗigo ɗaya a sama. Wasu yaran zamani suna ɗauka ƙarancin gwaninta ne ya kawo haka, alhali salon da suke rainawa ya girmi wanda suke yabo.

Tushensa shi ne rubutun Kufi, wanda ake jinginawa ga birnin Kufa na ƙasar Iraƙi, birnin da aka kafa zamanin Sayyidina Umar wajen shekarar 638. Da wannan hannu mai kusurwa aka rubuta Alƙur'anai masu yawa na ƙarnonin farko, a kan fata.

Ana nan sai aka yi wani waziri a Bagadaza, Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940. Shi ya sa wa rubutu ma'auni: a auna tsawon alif da ɗigon bakin alƙalami, sauran baƙaƙe kuma a auna su da alif. Mutanen gabas suka bi shi. Amma mutanen Ƙairawan da Fas da Andalus ba su karɓi wannan awo ba. Suka riƙe Kufinsu, suka tausasa shi, suka lanƙwasa wutsiyoyin baƙaƙe. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lura cewa a Masar baƙi ɗaya ɗaya ake koya wa yaro bisa ƙa'ida, a Magrib kuwa kalma sukutum yake kwaikwaya har hannunsa ya faɗa. To, ai haka almajiri yake koyo a tsangaya har gobe. Ido ne ma'auninsa, da hannun malaminsa.

Ayarin fatake da malamai suka ƙetaro Sahara da wannan hannu, tare da ruwayar Warash, har Kanem, inda sarakuna suka musulunta tun ƙarni na 11. A Barno ya sami gindin zama, ya ƙara kauri, ya zama nasu. Akwai wani Alƙur'ani na Barno da aka samu ɗauke da tarihin 1669, gefensa cike da sharhi. Bature Denham, da ya zauna Kukawa a shekarun 1820, ya ba da labarin ana kai Alƙur'anan Barno arewacin Afirka da Masar ana sayarwa da tsada. Takardar kuwa a wancan zamani akasari daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga tambarin jinjirin wata uku.

Almajiran Hausa da ke tafiya gabas neman karatu su suka yi ta kawo wannan hannu gida, har Kano ta fitar da nata salo.

Shi marubuci ba ya fara aiki sai ya fiƙe alƙalaminsa da kansa, ya dama tawadarsa da ƙaro. Da ka yake rubutawa, ba ya duba wani littafi, shi ya sa ba a kiran mutum alaramma a banza. Sai ya gama baƙaƙe da baƙar tawada, sannan ya komo ya sa wasulla da ja, hamza da rawaya, alif ɗin sadarwa da kore. Daga nan sai alamomin aya da kumsa da kuri, da na sumuni da izu a gefe. Zayyana babba tana zuwa a farkon littafi, da Suratul A'arafi, da Maryam, da Sad, wato kan kowane rubu'i. A nan ne kawai ake sakar wa mai zane mara, ya nuna abin da ya iya.

Da injin ɗab'i ya zo, bai kashe sana'ar ba. Maɗaba'u suka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa dubbai, har sunan Sharu Bala Gabari na Kano ya kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. A Kasuwar Kurmi ana sayar da irin waɗannan warƙa-warƙa ba ɗinki, a sa su cikin tadarishi da gafaka, domin almajiri ya zare warƙa guda ya kwafa a allonsa.