Lambar 4,294,967,297 da Matsalar Rarraba Manyan Lambobi bisa Siffarsu

Wannan maƙala ta tsaya a kan lamba guda, 4,294,967,297, wato 2³² + 1, domin nuna cewa ba a sanya babbar lamba a rukuni saboda siffarta, sai an gano abin da ke raba ta. Ita ce ta shida a jerin da Pierre de Fermat na Faransa ya nazarta. Biyar ɗin da suka gabace ta, 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk marasa rabuwa ne, ma'ana babu lambar da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. A 1640 Fermat ya bayyana yaƙininsa cewa haka jerin yake har ƙarshe, ko da yake ya amince ba shi da cikakkiyar hujja. Sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa lambar daidai take da 641 × 6,700,417.

Akwai hujja gajeriya, mai kyau ƙwarai, da ke tabbatar da cewa 641 tana raba ta. Lambar 641 tana da fuska biyu: 5 × 2⁷ + 1 ce, kuma 5⁴ + 2⁴ ce. Fuskar farko ta nuna cewa idan aka raba 5⁴ × 2²⁸ da 641, ragowa 1 ce. Ta biyu ta ba da damar maye gurbin 5⁴ da −2⁴, sai ya zama −2³² ma ragowarta 1 ce, wato 641 ta raba 2³² + 1 ba saura. Tun da 6,700,417 ita ma ba ta rabuwa, gurbin lambarmu shi ne rukunin waɗanda marasa rabuwa biyu kacal suka haifa.

Wani zai ce zaton Fermat ba na banza ba ne, domin lambar tana tsallake gwajin gano marasa rabuwa da ke ɗauke da sunansa idan aka yi shi da tushe 2. Gaskiya ne, amma kowace lamba a jerin tana tsallake wannan gwaji, mai rabuwa da mara rabuwa, saboda haka bai bambance komai ba. Gwajin Pépin na 1877, idan aka yi shi da tushe 3, shi ke tona asirinta. Wani kuma zai ce duk wannan wasan ƙwaƙwalwa ne. Aikin Gauss na 1796, wanda Wantzel ya kammala a 1837, ya kore wannan magana, domin ya ɗaura zana siffa mai gefuna daidai wa daida, da rula da kamfas kaɗai, a kan marasa rabuwa na jerin Fermat. Maƙwabciyar lambarmu, 4,294,967,295, wadda ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537, siffa mai gefuna adadinta tana zanuwa. Mai gefuna 4,294,967,297 kuwa ba ta zanuwa, alhali tazarar 2 ce kawai tsakaninsu.