Tarakta da Gawo a Ƙasar Damagaram

Duk sa'ad da aka taso da zancen noma a ƙasar nan, sai ka ji an ce abin da ya rage mana tarakta ne kawai. Ƴan siyasa na faɗi, mu ma ɗalibai muna maimaitawa. Ni dai ina ganin gara mu waiwaya tukuna, mu ga yadda garma ta shigo gonakin Damagaram da abin da ya same ta.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a nan. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa ake yi a birni. Yo wanda ya iya igwa, garma za ta gagare shi? Amma manomin jigawa bai nemi abin da zai kifar da ƙasa ba. Da sungumi yake sara ya jefa iri. In hatsi ya tsiro, ya bi shi da hauyar tsaye mai doguwar ƙota, wadda ke shiga ƙarƙashin rairayi kaɗan, ta yanke saiwar ciyawa, ta bar ƙasa a inda take. Sai can kudu wajen iyaka, inda ruwa ya fi yawa, ake tada kunya da galma. Wannan ba ƙauyanci ba ne, sanin ƙasa ne.

Nasara ma da suka ci Damagaram a 1899 ba inji suka kawo ba. Haraji suke so, daga baya kuma gyaɗa, wadda talakan Magariya da Matamai ya noma da hannunsa, aka kwashe akasarinta ta hanyar Kano. Inda suka gwada tarakta da gaske wasu wurare ne, bayan yaƙin duniya na biyu, da Turai ta rasa man girki. Ingila ta buɗe manyan gonakin gyaɗa a Tanganyika a 1947, ta watsar a 1951. Na Mokwa a Najeriya daga 1949 zuwa 1954 ya kai. Faransa ta yi nata a Sefa, ƙasar Sanagal, a ƙarshe aka koma wa shanu. Garmar da aka saba da ita kafin lokacin mai ƙafafunta ce, a ɗaura ta a bayan tarakta yana jan ta kamar amalanke. Harry Ferguson ne ya yaɗa wadda ake maƙala wa jikin tarakta ya ɗaga ta da kansa, musamman da ƙaramin taraktansa na 1946. To ko wacce ce, sai da man fetur, da bakanike, da kayan gyara daga Turai, kuma kuɗin gyaɗar bai biya ba.

Da muka sami ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta bi ta shanu. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma da bashi. A ba ka bijimai biyu da garma da amalanke, in kaka ta yi ka sayar da gyaɗa ka biya. A shekarun 1970 aka zo da shirin 3M, wato Mirriya, Matamai da Magariya, da kuɗin Turai, ga kuma masana'antar UCOMA a nan Damagaram tana ƙera kayan noman shanu. Sai dai duk ginin nan a kan gyaɗa yake tsaye. Farin 1973 ya zo, a 1975 cutar kuturta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta gama da gyaɗar, na 1984 ya ƙarasa sauran. Mai bashi ya sayar da sa ya ci da iyali, wa zai ga laifinsa? Abin da ya tsira shi ne amalanke, don ita shekara duka tana nemo kuɗi: ruwa, taki, bulo, mai naƙuda zuwa likita. Garma kuwa ƴan makonni ne aikinta.

Tsofaffin taraktocin da nake gani yanzu, jajayen Massey Ferguson ɗin nan da suka girme ni, wannan hanya suka bi. Ba su da kwamfuta a ciki, kowane bakanike ya kwance ya ɗaura, shi ya sa suka kai yau. Da damina a yi hayarsu, da rani su koma ɗaukar yashi. A fadamun Korama, inda ƙasa ke da danƙo ana noman rake, ba ni da ja, tarakta na da aikin yi.

Jigawa ce damuwata. Kifar da ita da garma mai faifai, ka jira iskar da ke gaban hadarin farko: rairayin zai tashi ya binne tsiron, a sake shuka. Ga kuma gawo. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya, Matamai da Mirriya suka shiga barin tohon itace a gona suna sassabe masa, har yankin ya zama abin da baƙi ke zuwa kallo. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ƙasan gindinsa kuma ya fi ko'ina albarka. Tarakta ko fili fetal yake so da layi miƙaƙƙe. Babban gawo dole direba ya kauce masa. Tohon bana mai tsawon kamu ɗaya fa? Direban haya da ke da gonaki biyar a gabansa kafin la'asar, daga kan kujerarsa ko ganinsa ba zai yi ba.