Igwar Aro: Laftana Mizon, Yaƙin Kona da Kafuwar Jalingo

Duk wanda ya nemi asalin Jalingo a littattafan tarihi zai tarar an rubuta cewa Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a 1893 domin ta zama sansaninsa na yaƙi, kuma sunanta daga Fulatanci yake, yana ishara ga rinjaye. Amma ƙalilan ne ke tsayawa su tambayi wane rinjaye ake nufi, kuma da makamin wa aka same shi. Jawabin yana ga wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Laftana Louis Mizon, wanda igwoginsa suka yi wa sarki cikin ɗan lokaci abin da baraden Muri suka gaza yi cikin shekaru. Da'awarmu a nan ita ce, wannan nasara ba ta ƙara wa Muri ƙarfi ba, bal ma ta bayyana wa Turawa inda rauninta yake.

An haifi Mizon a Paris a 1853, ya shiga aikin sojan ruwa tun yana saurayi, kuma a farkon shekarun 1880 ya yi aiki a ƙarƙashin de Brazza, mai binciken ƙasa na Faransa, a ƙasar Kwango, inda ya naƙalci bin koguna da ƙulla mu'ahada da sarakuna. A 1890, shekarar da Ingila da Faransa suka shata iyaka daga Sayi zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, aka aike shi ya hau Kwara da Binuwai, alhali Kamfanin Neja na George Goldie, wanda ya sami izinin sarautar Ingila tun 1886, yana ganin kogunan nan biyu mulkinsa ne. Ya isa Yola a 1891 zamanin Lamiɗo Zubairu, ya ratsa Adamawa ta Ngaundare, ya sadu da de Brazza a yankin kogin Sanga a 1892, ya koma gida ana yi masa kirarin gwarzo.

Bai daɗe ba ya komo da jirage biyu masu hayaƙi, da sojojin Senegal, da igwogi da albarushi, kuma a wannan karon ya yada zango a ƙasar Muri, inda ya iske sarki cikin damuwa biyu: Kamfanin Neja da ya kafu a Ibi yana matsa masa lamba a kan kogi, Jukunawan Kona kuma, waɗanda suka tsare garinsu a gindin duwatsu, sun ƙi bin umarninsa shekara da shekaru. Dalilin gazawar Muri a fili yake, domin rundunar da ta gado daga zamanin Hammaruwa, wanda ya kafa masarautar a zamanin jihadi, runduna ce ta doki da mashi da baka, wadda ƙarfinta yake a fako, amma idan ta zo gaban ganuwa ba ta da dabara sai ƙawanya da jiran yunwa. Igwa kuwa ba ta jira, daga nesa take rusa katanga, kuma tsawarta kaɗai ta isa ta karya zuciyar wanda bai taɓa jin irinta ba. Aka ƙulla mu'ahada, sarki ya karɓi kariyar Faransa, a watan Disamba 1892, wanda ya faɗo cikin Hijira 1310, aka buɗe wa Kona wuta, garin ya faɗi, aka kashe waɗanda aka kashe, aka kama jama'a masu yawa aka mai da su bayi.

Mai neman uzuri ga sarki yana iya cewa maslaha ya duba, tun da wanda zaki ya tsare ba a zarginsa don ya kira damisa, kuma haɗa Bature da Bature faɗa siyasa ce da sarakuna da dama suka gwada a wancan zamani. Wannan hujja tana da nauyi, sai dai ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Fuƙaha'un Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Halilu, sun hana neman taimakon wanda ba Musulmi ba wajen yaƙi sai a aikin hidima, kuma ko da an ajiye mas'alar shari'a gefe, hikimar hanin a bayyane take: wanda ya riƙe maka makami shi ya riƙe maka hukunci. Igwar ta Mizon ce, masu harba ta nasa ne, harsashinta daga Faransa yake zuwa. Sarki bai mallaki kome a cikinta ba face sakamakonta, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ƙarshen al'amarin ya gaskata haka. Kamfanin Neja ya riƙi labarin bayin Kona ya zama hujjarsa a kan Mizon, gwamnatin Faransa ta kira shi gida a 1893, Kamfani ya ƙwace jirginsa mai suna Sergent Malamine, mu'ahadar kuma ta zama takarda kawai. Mizon kansa an tura shi mulkin tsibirin Mayotte, ya mutu a 1899 bayan an naɗa shi gwamnan Jibuti. Wasu igwogi biyu da ya bar wa Lamiɗo Zubairu an harba su ran da Ingilishi suka auka wa Yola a Satumba 1901, ba su hana birnin faɗuwa ba, Muri kuwa ta shiga hannunsu a zamanin Sarki Hassan, shekaru kaɗan bayan rasuwar Nya a 1896.

Tun 27 ga Agusta 1991 Jalingo take hedikwatar Jihar Taraba, jikokin waɗanda suka yi ƙawanyar da jikokin waɗanda aka yi wa suna cin kasuwa ɗaya. Haƙƙi ne a kan masu koyar da tarihin garin su ambaci abin da ya sami mutanen Kona a duk lokacin da suka ambaci ma'anar sunan Jalingo.