Sinadaran feftaid: Garkuwar jiki da ke taimaka wa rauni ya warke

Feftaid masu kashe ƙwayoyin cuta wasu ƙananan sinadarai ne dangin furotin, waɗanda jikin ɗan'adam da na dabbobi ke sarrafawa da kansa. Ana samun su a fata, da gumi, da yawu, da fararen ƙwayoyin jini.

Da zarar mutum ya ji rauni, sai jiki ya ƙara yawansu a bakin ciwon. Suna huda fatar ƙwayar cuta har ta mutu, suna janyo fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin, sannan suna taimaka wa sabuwar fata da jijiyoyin jini su tsiro. Wanda aka fi sani a jikin mutum shi ne LL-37. Bincike ya nuna yana ƙaranci a gyambon da ya ƙi warkewa, yayin da yawansa fiye da kima ke tsananta kumburi a wasu cututtukan fata.

A shekarar 1987 wani masani ɗan Amurka, Michael Zasloff, ya gano irin wannan sinadari a fatar wani kwaɗo na Afirka, bayan ya lura cewa raunin tiyatar da ake yi wa kwaɗin ba ya ruɓewa, duk da ƙazantar ruwan da suke ciki. An haɗa man shafawa daga gare shi domin gyambon ƙafar masu ciwon suga, amma a 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi, domin bai fi magungunan da ake da su ba.

Batun ya shafi Jos kai tsaye. Birnin cibiya ce ta kiwon kaji, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924. Colistin, wanda shi ma feftaid ne, na cikin magungunan da likitoci ke komawa gare su idan sauran sun gaza, amma ana zuba shi a ruwan shan kaji a ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya. A 2015 masana a Sin suka gano ƙwayar halittar da ke sa cuta ta bijire masa, kuma tana iya yaɗuwa daga dabba zuwa mutum.

Likitoci na shawartar masu ciwon suga su riƙa duba ƙafafunsu kullum, su kuma garzaya asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, idan rauni ya ƙi warkewa. Makiyaya kuwa su guji ba da magani ba tare da umarnin likitan dabbobi ba.